Gidan Tarihin Haramtattun Littattafai: Asalinsa da Aikinsa da Matsalolinsa

1.0 Gabatarwa

Abin da aka saba gani a gidan tarihi shi ne kayan da al'umma take alfahari da su, kamar takubban mazan jiya da alkyabbun sarakuna da tukwanen da aka tono daga kufai. Amma a ƙarshen shekarar 2020 an buɗe wani ɗan ƙaramin gidan tarihi a birnin Talin, hedkwatar ƙasar Istoniya da ke arewacin Turai, wanda aka keɓe shi ga abin da hukumomi suka ƙi, watau littattafan da aka haramta, ko aka ƙone, ko aka yanke wani sashe nasu kafin su isa hannun mai karatu. Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan gida da dalilin da ya sa ya dace da ƙasar da aka kafa shi. Daga nan za ta waiwayi gidajen da suka gabace shi, da dalilan da akan bayar wajen haramta littafi, sa'an nan matsalolin da ke tattare da adana abin da aka haramta. A ƙarshe za ta dubi abin da lamarin ya shafa a adabin Hausa.

2.0 Ma'anar Tace Littafi da Hanyoyinsa

Tace littafi shi ne wata hukuma mai iko, ta mulki ko ta addini, ta shiga tsakanin marubuci da mai karatu, ta yanke hukuncin abin da zai wuce da wanda ba zai wuce ba. Kalmar ta dace da aikin, domin kamar yadda mace take tace gasara ta zubar da dusa, haka mai wannan aiki yake ɗaukar kansa. Inda gardama take shi ne wane ne yake da ikon cewa wannan gasara ce, wannan kuwa dusa.

Ana iya kasa hanyoyin tacewa gida huɗu. Ta farko ita ce tacewa kafin ɗab'i, inda ba a buga komai sai da hatimin hukuma. A Tarayyar Sobiyet an kafa ofishi musamman domin wannan aiki a 1922, mai suna Glavlit, bai kuwa rushe ba sai 1991. Ta biyu ita ce haramtawa bayan ɗab'i, a hana sayarwa ko shigowa da littafin ko mallakarsa. Mashahurin misali a nan shi ne jerin haramtattun littattafai na Cocin Katolika, wanda Paparoma Paul na Huɗu ya fitar a 1559. An yi ta sabunta shi har bugu na ƙarshe a 1948, mai ɗauke da sunayen littattafai wajen 4,000, kafin a soke shi a 1966. Ta uku ita ce hallaka littafin kansa, galibi da wuta kuma a bainar jama'a. Ta huɗu ita ce a bar littafi a bi marubucinsa, da ɗauri ko kora ko kisa, domin sauran masu alƙalami su shiga taitayinsu. Sau da yawa akan haɗa biyu ko uku a kan littafi guda.

3.0 Gidan da ke Talin

Wanda ya kafa gidan wani mutumin Sikotilan ne mazaunin Istoniya, mai suna Joseph Dunnigan. Ya buɗe shi a tsohon birni, cikin ganuwa, da littattafai ɗari da 'yan kai, aka jera su bisa ƙasashen da suka haramta su, kamar Ingila da Amurka da Sin da Rasha da ita Istoniya kanta, tare da bayanin wanda ya hana kowane littafi da hujjar da ya kafa. Wannan tsari na jeri yana da hikima. Mai ziyara da ya shigo da zaton cewa haramta littafi ɗabi'ar wasu ƙasashe ce can nesa, zai iske kantar tasa ƙasar tana jiransa.

Tarihin adabin Istoniya shi ne ya sa gidan ya zauna daram a wannan birni. Littafi na farko da aka san an buga da harshen Istoniyanci, a 1525, bai isa hannun masu harshen ba. Hukumar birnin Lubek ta ƙasar Jamus ta kama shi a hanya tare da wasu littattafan mabiya Martin Luther, kuma babu kwafi ko ɗaya da ya tsira. Bayan shekara goma, a 1535, aka buga wani littafin koyar da addini a Witenbag, cikin Jamusanci da Istoniyanci. Shi ma majalisar birnin Talin ta hana shi, bisa dalilin kurakuran da aka ce an samu a cikinsa. Ba a sake ganinsa ba sai 1929, sa'ad da wani masani ya gano guntayen warƙoƙi goma sha ɗaya nasa a cikin bangon wani littafi dabam, inda mai ɗinkin littafi ya yi ciko da su. Waɗannan guntaye su ne bugu mafi tsufa da ya rage a harshen. Ke nan adabin ɗab'i na wannan al'umma da haramci ya fara, kuma shaidarsa ta farko da ke hannu haramtaccen littafi ce.

Daɗin daɗawa, a 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasar, Jamus ta karɓe ta daga 1941 zuwa 1944, sa'an nan Sobiyet ta komo ta zauna har 1991. Kowace gwamnati ta zo da nata jerin littattafan da za a kwashe daga laburare. Littattafai masu yawan gaske da aka buga a zamanin 'yancin ƙasar na farko an hallaka su, ragowar kuwa aka kulle. Ga al'ummar da ba ta kai mutum miliyan ɗaya da rabi ba, wadda kuma ba a buga harshenta a ƙasashe barkatai, asarar bugu ɗaya tana iya zama asarar littafin baki ɗaya.

4.0 Magabatan Wannan Gida

4.1 Kurkukun Littattafai

Abin mamaki, waɗanda suka fara tara haramtattun littattafai su ne masu haramtawar. Mai tacewa yana bukatar kwafin abin da ya hana, ko don ya gane shi in ya sake ɓullowa. Tun ƙarni na 19 babban laburaren Faransa yake da wani sashe da aka laƙaba wa suna Jahannama, inda ake kulle littattafan da aka ɗauka na batsa ne, ba a kuwa baje su ga jama'a ba sai a wani nuni da aka yi a 2007. Laburaren Gidan Tarihin Biritaniya ma yana da irin wannan akwati na musamman. A Tarayyar Sobiyet manyan laburare suna da ɗakunan ajiya na sirri, waɗanda ba mai shigarsu sai da takardar izni da ta faɗi abin da yake bincike a kai.

Irin wannan ajiya ta ceci littattafai da dama, amma tana da haɗari. Masanin tarihin Sin, Sima Ciyan, ya ruwaito cewa a shekara ta 213 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin da ya fara haɗe ƙasar Sin ya ba da umarnin ƙona littattafan tarihi da na falsafa da ke hannun jama'a, ban da na magani da noma da duba, aka bar kwafi a fada kaɗai. Bayan shekara bakwai, a 206, 'yan tawaye suka ci babban birnin suka cinna wa fadar wuta. Abin da wutar farko ta bari, ta biyu ta cinye.

4.2 Laburaren Faris na 1934

Ranar 10 ga Mayu 1933 ɗaliban jami'a masu goyon bayan 'yan Nazi suka ƙona littattafai wajen 20,000 a wani dandali da ke tsakiyar Balin, ministan farfaganda Joseph Goebbels yana yi musu jawabi. Cikin waɗanda aka ƙona ayyukansu akwai Karl Marx da Sigmund Freud da Heinrich Mann da Erich Maria Remarque. Ɗaya daga cikin marubutan, Erich Kästner, yana tsaye cikin taron yana kallo. Shekara guda daidai bayan haka, ranar 10 ga Mayu 1934, marubutan Jamus da suka yi gudun hijira suka buɗe wani laburare a Faris domin tara duk abin da aka ƙona ko aka hana a ƙasarsu. Alfred Kantorowicz ne ya tsaya a kan aikin, Heinrich Mann kuwa shi ne shugaba. Wannan shi ne kakan gidajen da ake magana a kansu, domin a nan ne waɗanda aka haramta wa suka tara kayansu da kansu, ƙofa a buɗe. Bai yi tsawon rai ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, sojojin Jamus suka shiga Faris a 1940, tarin ya salwanta.

A dandalin da aka yi ƙunar, wanda yanzu ake kira Bebelplatz, an kafa abin tunawa a 1995, aikin wani mai sassaƙa Micha Ullman. Ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, an rufe samansa da gilashi. Mai wucewa in ya sunkuya sai ya hangi fararen kantoci da za su ɗauki littattafai 20,000, babu ko ɗaya a kansu.

4.3 Laburaren Firag

A ƙasashen gabashin Turai na zamanin kwaminisanci, marubutan da aka hana su maɗaba'a sun koma ga tafireta. Akan jera siraran takardu da takardar kabon a tsakaninsu, a buga kwafi goma ko fiye kaɗan a lokaci guda, na ƙasa da ƙyar yake karantuwa. Wanda ya samu sai ya karanta cikin dare ɗaya ko biyu ya miƙa wa amininsa. Rashawa suna kiran wannan aiki samizdat, watau bugun kai. Manazarcin adabin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka waƙoƙin ajami suka yaɗu, daga hannun mai kwafa zuwa hannun wani.

A Cekoslobakiya, Jiří Gruntorád ya yi shekara huɗu a kurkuku a farkon shekarun 1980 saboda wannan sana'a. Da mulkin kwaminisanci ya faɗi a 1989, sai ya buɗe laburare a Firag a 1990 mai suna Libri Prohibiti, watau haramtattun littattafai da harshen Latin. A 2013 hukumar UNESCO ta shigar da tarin mujallun bugun kai da ke wannan laburare cikin kundinta na abubuwan tarihin duniya da suka wajaba a kiyaye. Takardun da mallakarsu take kai mutum gidan yari sun zama abin da ƙasa take tutiya da shi, a cikin rayuwar mutum guda.

5.0 Dalilan Haramtawa

Wanda ya bi kantocin irin waɗannan gidaje zai ga dalilai uku ne suke ta maimaituwa: siyasa da addini da ɗa'a.

Ta fuskar siyasa, Boris Pasternak bai sami mai buga masa Dakta Zhivago a ƙasarsa ba, sai a Milan ta Italiya a 1957. An ba shi kyautar Nobel a 1958, aka tilasta masa ya ƙi karɓa, littafin kuwa bai fito a Tarayyar Sobiyet ba sai 1988. A Afirka ta Kudu gwamnatin wariyar launin fata ta yi dokar tace ɗab'i a 1963, ta ƙara mata ƙarfi a 1974, ta hana dubban littattafai. A Kenya an tsare Ngugi wa Thiong'o a Disamba 1977 bayan wasan kwaikwayon da ya shirya da ƙauyawa cikin harshen Kikuyu, ya yi shekara guda a kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba, inda ya rubuta wani ƙagaggen labari a kan takardar bayan gida. Abin lura a nan shi ne ya daɗe yana sukar masu mulki da Ingilishi ba a taɓa shi ba. Sai da ya yi magana da harshen da manomi yake ji aka kama shi. Littafinsa Matigari na 1986 kuwa, kamar yadda ya ba da labari da kansa, sai da aka ba da umarnin kamo tauraron labarin, da aka gane ba mutum ba ne sai aka kwashe littafin daga kantuna a 1987.

Ta fuskar addini, Cocin Katolika ya hana littafin Galileo a kan juyawar duniya a 1633, bai cire shi daga jeri ba sai 1835. A Ƙurɗuba ta Andalus, a zamanin sarkin Murabiɗai Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin, an ƙona Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali a 1109 bisa fatawar wasu malaman fiƙihu. Wannan littafi shi ne dai wanda aka yi ƙarnuka ana karantawa a zaurukan malaman ƙasar Hausa, a kan mazhabar da masu ƙona shi suke bi. Kafin ƙarnin ya ƙare, wajen 1195, aka ƙona littattafan falsafa na Ibn Rushd aka kore shi daga birnin. A Masar, labarin Najib Mahfuz mai suna Auladu Haratina ya fito kashi-kashi a jaridar Al-Ahram a 1959, malamai suka yi ca, bai fito a matsayin littafi ba sai a Bairut a 1967, a Masar kuwa sai 2006, shekarar da marubucin ya rasu.

Ta fuskar ɗa'a, Amurka ta hana shigo da Ulysses na James Joyce, wanda aka buga a Faris a 1922, har sai da wani alƙali ya ɗage hanin a 1933. A Ingila an gurfanar da kamfanin Penguin gaban kotu a 1960 saboda buga wani labari na D. H. Lawrence da ya fara fitowa a Italiya tun 1928. Kamfanin ya yi nasara, ya kuma sayar da miliyoyin kwafi.

Abubuwa biyu suke fitowa daga waɗannan misalai. Na farko, hukuncin mai tacewa yana da wa'adi, kuma sau da yawa magadansa ne suke warware shi. Na biyu, hani yakan zama talla, domin ɗan Adam yana da kwaɗayin leƙa abin da aka rufe.

6.0 Matsalolin Gidan

Matsala ta farko ita ce ba kowane haramtaccen littafi ne abin kirki ba. Haramci bai mayar da shirme hikima, bai kuma wanke mai kiran a zubar da jini. Littafin Hitler, Mein Kampf, ya isa misali. Gwamnatin jihar Babariya ta riƙe haƙƙin mallakarsa ta hana sake buga shi a Jamus har ƙarshen 2015, lokacin da haƙƙin ya ƙare. A 2016 wata cibiyar nazarin tarihi a birnin Munik ta fitar da shi tare da sharhi wajen 3,500 da ke bin maganganunsa ɗaya bayan ɗaya suna warware ƙaryar da ke ciki. Wannan hanya ta matani da sharhi ita ce ta fi dacewa da gidan tarihi. Ajiye littafi a kanta ba yarda da shi ba ne, amma ajiye shi babu bayani sakaci ne.

Matsala ta biyu ita ce gidan ba ya iya nuna sai abin da ya tsira. Littafin da aka yi nasarar hallakawa ba shi da kwafin da za a ɗora a kanta, kuma wanda tsoro ya hana a rubuta tun farko ba shi da ko suna. Marubucin da ya zauna da mai tacewa a cikin zuciyarsa, yana soke jimla kafin ta sauka a takarda, ya fi kowa hutar da hukuma. Kantocin Balin da aka bari fayau amsa ce ga wannan giɓi.

Matsala ta uku ta shafi al'ummomin da adabinsu na baka ya fi na takarda yawa. In basarake ya hana mawaƙi rera wata waƙa, ko gidan rediyo ya daina sa wani faifai, tacewa ta auku, amma ba ta bar littafi ba. Gidan da ya tsaya ga littafi kaɗai zai ba da tarihin masu maɗaba'a, ya bar sauran.

7.0 Lamarin a Adabin Hausa

Daga tsakiyar shekarun 1980 ƙagaggun labarai na Hausa suka yawaita, waɗanda wasu manazarta suka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano, mata da yawa kuwa suna cikin marubutansu. Iyaye da malamai sun yi ta kukan cewa wasu daga cikinsu suna ɓata tarbiyya, marubuta kuma suka ce abin da ke faruwa a gidaje suke bayyanawa, kamar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci. A 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai a wata makarantar 'yan mata.

Kukan iyaye a kan abin da yaro yake karantawa kuka ne mai tushe, kuma kowace al'umma tana da abin da take kawar wa ƙananan yara. Sai dai hana yarinya karanta littafi a aji hukunci ne na yau, wanda za a iya sake dubawa gobe. Ɓacewar littafin daga doron ƙasa kuwa ba ta da ɗaukaka ƙara. Yawancin waɗannan littattafai marubutansu ne suka buga su da kuɗin aljihunsu, a kan takarda mai araha, wasu babu ko shekarar bugu. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku ajiya, amma irin wannan ɗab'i ba safai yake bin wannan hanya ba. Saboda haka ko babu wuta, gara da damina sun isa. Manazarcin da zai zo nan gaba yana son ya auna ko masu suka ne suke da gaskiya ko marubuta, ba zai iya ba in matanin ya ɓace. Ko mai ganin littattafan illa ne yana bukatar a adana su, domin su ne shaidarsa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa gidan tarihin haramtattun littattafai na Talin reshe ne na wata tsohuwar al'ada, wadda ta faro daga ɗakunan kulle na masu tacewa, ta bi ta laburaren 'yan gudun hijira a Faris da na masu bugun kai a Firag. Aikinsa shi ne ya haɗa littafi da hukuncin da aka yanke masa da sunan wanda ya yanke, ya bar wa na baya su yi nasu alƙalancin. Irin wannan aiki a ƙasar Hausa bai bukatar sabon gini. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i, da cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, suna iya keɓe kanta guda: kwafin kowane littafi da aka hana ko aka ƙona, da takardar hukumar da ta hana shi, da martanin marubucinsa, da faifan waƙar da aka daina sawa. Guntayen warƙoƙin nan goma sha ɗaya na 1535 sun tsira ne don mai ɗinkin littafi ya rasa abin ciko, kuma sai da suka yi shekara 394 kafin a gano su. Ba kowane littafi ne yake samun irin wannan sa'a ba.